Mantuwar da Ba ta Tsufa Ba ce

Kowane dattijo yana mantuwa. Ya ajiye carbi ya yi ta nema, sunan jika ya shige masa, can an jima ya faɗo masa. Wannan ba komai. Abin lura shi ne mantuwar da ba ta dawowa. Hajiya ta tambaya ko yara sun taso daga makaranta, a ce sun taso, kafin a sauke tukunya ta sake tambaya, kuma a ganinta yanzu ta fara. Amma taɓo mata zancen bikinta, sai ta zayyano maka har ƙawayen amarya. Nan iyali ke yaudaruwa, su ce ai ƙwaƙwalwarta garau take. Cutar da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 haka take farawa: ɓangaren ƙwaƙwalwa mai adana sabon abu take fara ci, tsohon labari sai daga baya.

Sai aikin da hannu ya saba. Wadda ta tsufa a madafa ta zuba gishiri sau biyu, ɗan kasuwa lissafin canji ya gagare shi, raka'o'in sallah su riƙa rikicewa kullum, ko Baba ya fito masallacin unguwa ya rasa hanyar gida.

Mafi ciwo shi ne zargi. Hajiya ta cusa kuɗinta ƙarƙashin katifa, ta manta, ta rantse matar ɗanta ce ta ɗauke. Sai a yi ta rigima, wasu su ce sammu ne ko aljanu, alhali cuta ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu irin wannan gigin tsufa sun haura miliyan 55 a duniya, kuma hawan jini da ciwon suga suna ƙara haɗarinsa.

Akwai masu cewa tunda ba a warkewa, me za a je yi asibiti? A ganina kuskure ne babba. Ƙarancin sinadarin B12 da ciwon damuwa kan yi kama da shi, kuma suna jin magani. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa ta gaggawa ce, wataƙila zazzaɓi ne ko ciwon mafitsara. Wanda ke kwana da tashi da Hajiya shi ya kamata ya raka ta, domin likita zai tambayi yaushe abin ya fara, ita kuma "lafiya lau" za ta ce masa.