FITILAR BAƘIN MAI DA ALAMAR SABIS: ABIN DA MOTARKA TAKE GAYA MAKA

A zangunanmu na Ankara da Kumasi da Tamale da wuya ka sami gidan da ba ya cin abinci da mota. Wani direban tasi ne, wani yana jan toro-toro, wani kuwa kayan gwari yake ɗaukowa daga Techiman, wani ma'aikaci ne da ya yi shekaru yana tara kuɗin adashi kafin ya sayi 'yar ƙaramar motarsa. Yawancin motocin nan na hannu ne, an sauke su a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Amurka ko Jamus ko Koriya, kuma sau da yawa sukan iso ba tare da littafin da kamfani ya haɗo su da shi ba. Saboda haka fitilun da ke allon gaban direba sun zama kamar baƙon yare a wurinmu. Wasu sukan tsorata da fitilar da ba ta kai abin tsoro ba, wasu kuma su raina wadda za ta iya cinye musu inji cikin 'yan mintoci. A wannan wata mun ga ya dace mu yi wa masu karatu bayanin fitilun da suka shafi baƙin mai, domin Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Aikin baƙin mai a cikin inji

Kafin mu gane fitila sai mun gane abin da take gadi. A cikin inji akwai ƙarafa masu guje-guje a jikin juna. Idan allurar da ke nuna gudun inji ta tsaya a kan 3, wato juyi 3,000 a minti ɗaya, to babban sandan inji da makanikai ke kira karanshaf yana juyawa sau 50 a kowace daƙiƙa. Abin da ya hana shi gogar metal ɗin da yake kwance a kai shi ne wani shimfiɗin baƙin mai wanda kaurinsa bai kai na silin gashi ba. Wannan mai ba da kansa yake hawa can ba. Yana kwance a tukunyar da ke ƙarƙashin inji, famfo ne yake zuƙo shi ta wata 'yar raga, ya tura shi cikin filta, daga nan ya bi ƙananan hanyoyi da ƙarfi ya isa ko'ina. Ban da santsi, man yana rage zafi, yana kuma kwashe dattin da ƙonewar fetur ta bari.

Ke nan abubuwa uku ne direba zai damu da su: ƙarfin turin mai, da yawan mai, da kuma tsufan mai. Kowanne yana da tasa alamar, kuma rikicin da muke gani yana tasowa ne daga haɗa su wuri ɗaya.

Jar buta: tsaya nan take

Alamar da ta fi kowace haɗari ita ce hoton 'yar buta mai ɗigon mai a bakinta, mai launin ja. Yawancinmu mun ɗauka cewa tana nufin mai ya ragu, a ƙara in an isa gida. Abin da take nufi ya fi haka muni. Tana cewa ne ƙarfin turin mai ya faɗi, ma'ana man ba ya isa wuraren da ake bukatarsa. Lafiyayyen inji a kan hanya yakan tura mai da ƙarfin da ya kai ma'aunin ba 2 zuwa 4, amma a motoci da yawa 'yar na'urar da ke kunna fitilar ba ta motsawa sai ƙarfin ya sauka ƙasa da rabin ba ɗaya. Wato lokacin da ka ga ja, ƙarafa sun riga sun kusa haɗuwa.

Idan ta kama kana cikin tafiya, ka ba da sigina, ka sauka gefen hanya inda ba haɗari, ka kashe inji. Kada ka ce bari in ƙarasa Kintampo tunda saura kaɗan. Ka jira minti 5 zuwa 10 man ya kwanta, sa'an nan ka zaro geji ka duba, ka kuma leƙa ƙarƙashin mota ko akwai yoyo. In mai ya sauka ƙasa da alamar ƙasa, ka ƙara, ka tayar da inji ka sa ido. Fitila ta mutu cikin 'yan daƙiƙu kuma ba baƙon ƙara, kana iya tafiya a hankali zuwa gareji mafi kusa a gano inda man ya tafi. In kuwa geji ya nuna mai a cike amma fitila ta ƙi mutuwa, ko ka ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana buga guduma a ciki, to kashe shi ka nemi a ja motar. Kuɗin ja, komai yawansa, bai kama ƙafar kuɗin sabon inji a Abossey Okai ba.

Dalilan faɗuwar ƙarfin mai sanannu ne: ƙarancin mai, ko famfo ya gaji, ko dauɗa ta toshe ragar zuƙo mai, ko metal ya cinye har mai yana tsiyaya ta gefensa. Wani lokaci kuma 'yar na'urar ce kawai ta lalace, inji kuwa lafiyarsa lau. Amma ba a rarrabe waɗannan da ido ko da kunne. Ƙwararren makaniki, ko fita kamar yadda muke cewa a nan, yakan kwance na'urar ya ɗaura agogon awo a gurbinta ya ga ainihin ƙarfin. Duk wanda ya ce maka matsalar waya ce kawai alhali bai auna ba, ka nemi wani.

Akwai kuma fitilar da ke ƙyaftawa ta ɗauke. In tana yin haka ne lokacin da ka sha kwana ko ka taka birki da ƙarfi, alama ce mai ya yi ƙasa har yana gudu daga bakin famfo. In kuwa sai inji ya yi zafi kana tsaye a cunkoso take ƙyaftawa, ta mutu da zarar ka taka totur, galibi inji ne ya fara tsufa ko man ya tsinke. Duka biyun gargaɗi ne, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira.

Buta mai ruwan ɗorawa

Wasu motoci, musamman na Jamus irin su Volkswagen da BMW da Mercedes, suna da wata fitilar dabam: butar nan dai, amma ruwan ɗorawa, wani lokaci da layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinta ko kalmar MIN. Ita wannan yawan mai take aunawa. Tana nufin mai ya kusa alamar ƙasa, ka ƙara a gidan mai na farko da ka tarar. Ba ta kai ja gaggawa ba, amma ba a kwana da ita.

A nan ya kamata mu tuna yadda ake duba geji daidai. A ajiye mota a wuri mai lebur, a kashe inji, a ɗan jira. A zaro geji, a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ƙarshe, a sake zarowa. A yawancin ƙananan motoci tazarar da ke tsakanin alamar ƙasa da ta sama kimanin lita 1 ce, don haka a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan ana dubawa. Cikawa fiye da kima ma illa ce, domin karanshaf yakan kaɗa man ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe ƙarfe. A kuma dubi kamannin man. Baƙi ba laifi ba ne, musamman a motar dizal. Amma in ya koma kamar shayi da madara, ruwan lagireto ya shiga cikinsa, galibi gasket ne ya ƙone. In kuma kullum sai an ƙara mai ga shuɗin hayaƙi a salansa, injin yana shan mai ke nan.

Sifana da rubutun sabis

Kashi na uku shi ne wanda ya fi tayar wa mutane hankali ba gaira ba dalili. Shi ne hoton sifana, ko rubutu irin MAINT REQD a motocin Toyota, ko Service A da Service B a Mercedes, ko Inspektion a motocin da suka fito daga Jamus. A yawancin motoci waɗannan ba su nufin wani abu ya lalace. Tuni ne kawai cewa lokacin juye ya yi.

Toyota da aka yi don kasuwar Amurka, irin Corolla da Camry da suka cika titunanmu, tafiya kawai take ƙirgawa. Fitilar takan fara ƙyaftawa idan an tayar da mota bayan mil 4,500, ta tsaya cak a mil 5,000. A lura da kyau, mil muka ce. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne, don haka mil 5,000 daidai yake da kilomita 8,000. Direban da ya ɗauka agogon motarsa kilomita yake ƙirgawa alhali mil ne, zai riƙa wuce lokacin juye da nisa bai sani ba.

Honda kuwa lissafi take yi. Kwamfutar motar tana duba juyin inji da zafinsa da irin tafiyar da ake yi, sai ta nuna sauran ƙarfin mai da kashi cikin ɗari. Idan ya sauka zuwa 15 sifana takan fito, a 5 lokaci ya yi, a 0 an makara. Harafin A yana nufin canjin mai, B kuma mai da filta tare da duba birki da sauransu. Mun sha jin mutane suna cewa motarsu ta nuna saura kashi 15 na mai a inji, har su ruga su ƙara. Wannan lamba ba ta da alaƙa da yawan mai. Mota tana iya nuna kashi 80 alhali geji a bushe yake.

Bayan kowane juye dole a mayar da wannan lissafi farko, kuma kowace mota da yadda ake yi mata. In makaniki ya manta, fitila za ta ci gaba da ci ko da man sabo ne. Haka nan ana iya kashe ta ba tare da an canza ko ɗigo ɗaya ba, domin ba ta ɗanɗana man. Don haka kada a dogara da ita kaɗai. A sami ɗan littafi a ajiye a aljihun mota, a riƙa rubuta kwanan wata da lambar agogo da irin man da aka zuba. Mai motar da ya ba direba haya, wannan littafi zai raba shi da yawan gardama.

Kada kuma a haɗa waɗannan da fitila mai hoton inji. Ita tana magana ne a kan yadda inji ke ƙona mai da fitar da hayaƙi. Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'ura a karanta laifin, kuma a yau garejoji da yawa a Suame Magazine da Kokompe suna da wannan na'ura. In tana ƙyaftawa inji yana rawa, a rage gudu a nufi gareji.

Yanayinmu ba na Turai ba ne

Kamfanonin mota da kansu sun ware abin da suke kira aiki mai tsanani: hanya mai ƙura, doguwar tsayuwa inji yana aiki, gajerun tafiye-tafiye, kaya masu nauyi, da aikin tasi. Duk wanda ya san ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, da cunkoson Nima da Kejetia, ya san mu ake nufi. Don haka shawararmu ita ce kada juye ya wuce kilomita 8,000 ko wata 6, duk wanda ya riga zuwa, kuma masu motar haya su rage ƙasa da haka. A canza filta tare da mai, a kuma riƙa duba filtar iska a lokacin ƙura.

Game da irin mai, a dubi murfin da ake zuba shi, sau da yawa an rubuta a kai, kamar 5W-30 ko 0W-20. Al'adar zuba 20W-50 a kowace mota saboda wai ƙasarmu da zafi ta samo asali ne daga zamanin tsofaffin injuna. Sababbi suna da matsattsun hanyoyi, mai mai kauri yakan yi jinkirin isa sama da safe. A sayi mai a rufaffen galan daga wurin da aka amince da shi, a guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi, domin araha ba ta ado. Tsohon man da aka juye kuma kada a zubar a kwata, kada a shafa wa yara ko dabbobi da sunan maganin ƙazuwa ko makero. Guba ne.

Ga masu shirin sayen mota

Gwaji ɗaya muke so kowa ya riƙe. Ka murɗa makulli zuwa inda allo ke kamawa amma kada ka tayar da inji. Jar butar nan dole ta haska tare da 'yan uwanta. Ka tayar, ta mutu cikin daƙiƙa 2 ko 3. In ba ta haska ba tun farko, to ko ƙwan ya mutu ko wani ya cire shi da gangan don ɓoye ciwon inji. In ta daɗe kafin ta mutu, inji ya fara gajiya. Ka buɗe murfin mai ka haska ciki, in ka ga baƙar dauɗa kamar kwalta, wanda ya riƙe motar bai kula da juye ba.

Muna roƙon shugabannin tashoshinmu da iyayen gidan da ke koya wa yara tuƙi su sa wannan darasi cikin abin da ake fara koyarwa, tun yaro yana karen mota. Wanda ya karanta kuma ya karanta wa ɗan uwansa da bai sami zuwa makaranta ba. Gobe da safe, kafin a tayar da mota, a buɗe bonet a zaro geji. Allah ya kiyaye hanya, ya sa kowa ya koma wa iyalinsa lafiya.