Sitiroberi: Me ya sa wani ke da zaƙi, wani kuwa ja ne kawai?

Da hunturu ya kankama, sitiroberin Filato kan bayyana a rumfunan masu sayar da kayan marmari a Jos da Abuja. Mai saye kan zaɓi mafi girma da ja, amma sau da yawa idan ya kai baki sai ya ji tsami ko lami. Abubuwa biyu ne ke ƙayyade ɗanɗanon: irin da manomi ya dasa, da ranar da ya tsinka.

Abin da iri ke gada

Sitiroberin da ake nomawa a yau ruwa biyu ne. Ya samo asali a Faransa a ƙarni na 18, lokacin da wani nau'i da Amédée-François Frézier ya kawo daga Chile a 1714 ya yi barbara da wani na Arewacin Amurka. Na Chile ya ba shi girma, na Amurka ya ba shi ƙamshi. Tsiron na ɗauke da jeri takwas na ƙwayoyin gado, alhali ɗan Adam biyu gare shi, abin da ke wahalar da masu inganta iri wajen hasashen halin da sabon tsiro zai ɗauko.

Ɗanɗanon kansa haɗin abu uku ne: sukari, tsami, da sinadaran ƙamshi fiye da 300. Ƙwayoyin gado ne ke tsara wanne daga cikinsu tsiro zai iya samarwa. Misali, masana sun gano cewa ƙwayar gado guda, mai suna FaFAD1, ita ke ba wasu nau'o'i wani ƙamshi mai daɗi na musamman, kuma nau'in da ba shi da ita ba zai taɓa yin wannan ƙamshin ba, komai takin da aka zuba masa.

Shekaru da dama masu samar da iri sun fi mayar da hankali kan girma, yawan yabanya da taurin da zai jure doguwar tafiya. Shi ya sa nau'i irin Mara des Bois na Faransa, mai ƙamshi amma mai saurin laushi, ba ya yin nisa da gonarsa.

Ranar tsinka

Ayaba da mangwaro da tumatir na ci gaba da nuna bayan an cire su. Sitiroberi ba haka yake ba. Da zarar an raba shi da uwarsa, sukarinsa ya daina ƙaruwa. Launinsa na iya ƙara ja a cikin kwali, amma zaƙin da ya baro gona da shi, shi ke nan. Mafi yawan ƙamshin ma a kwanakin ƙarshe na nuna yake taruwa.

Yanayi na da nasa rabon. Rana mai haske da dare mai sanyi na sa ɗan ya nuna a hankali yana tara sukari, zafi kuwa na gaggauta shi kafin ya cika. Wannan ne ya sa tsaunin Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ya dace da nomansa, kuma wani bincike da Jami'ar Florida ta wallafa a 2014 ya nuna zaƙin na raguwa yayin da zafi ke ƙaruwa a ƙarshen kaka.

Inda gizo ke saƙa

Sitiroberin da ya nuna sosai na buƙatar a sanyaya shi jim kaɗan bayan tsinka, a ajiye shi kusa da digiri sifili. Manomin da ba shi da ɗakin sanyi, ko tsayayyiyar wutar lantarki, ko motar da ke da na'urar sanyaya kaya, zaɓi biyu gare shi: ya tsinka da wuri ya yi asarar zaƙi, ko ya jira ya nuna ya yi asarar kayan a hanya. Yawanci na farkon ake zaɓa, domin ruɓaɓɓe ba ya sayuwa.

Saboda haka, kawo ingantaccen iri kaɗai ba zai wadatar ba. Muddin babu sanyi tsakanin gona da kasuwa, zaƙin da irin ya gada a gona zai tsaya, kuma kuɗin da ya kamata ya jawo wa manomi ba zai shiga aljihunsa ba.