Ranar awo a Suleja da gwajin da ba ya isa ga uwa

A ƙaramin asibitin unguwa a Suleja, ranaku biyu ne ke riƙe da mako: ranar awon ciki da ranar rigakafin jarirai. Tun da sanyin safiya benci ke cika da mata daga Maje da Kwamba da Madalla, kowacce da katinta a hannu, wasu da goyo. Malamar asibiti za ta auna jini, ta duba kwanciyar ɗa, ta ɗiga wa jariri maganin shan inna. Mace na iya shafe shekara 15 tana zuwa wannan benci, haihuwa bayan haihuwa, ba a taɓa duba bakin mahaifarta ba. A ganina wannan giɓi ne ya fi cancantar a toshe, domin shekarun nan su ne lokacin da ƙwayar cutar HPV ke yin ɓarnarta a ɓoye.

HPV iri-iri ce, sama da 200, amma kimanin 14 ne masu haɗarin jawo sankara, kuma biyu daga ciki, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Ana ɗaukarta ta hanyar saduwa, kuma galibi jiki kan kawar da ita cikin shekara biyu. Idan ta maƙale, sai fatar bakin mahaifa ta soma sauyawa a hankali, babu ciwo babu jini, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara, ko 5 zuwa 10 ga mai raunin garkuwar jiki kamar mai ɗauke da HIV. Ranar da jini ya fara zuba bayan saduwa, ko ruwa mai wari ya ɓullo, sau da yawa sai a ce sanyi ne, a nufi kemis ko mai sassaƙe. Kafin a kai ga Babban Asibitin Ƙasa na Abuja ko asibitin Shika a Zariya, ciwo ya ci jiki. A 2020 an ƙiyasta mata 12,000 sun kamu a Najeriya, 8,000 sun rasu.

Wani zai ce ai rigakafi ya zo. Haka ne: an fara shi a Abuja a Oktoban 2023, ya iso jihar Neja a Mayun 2024, allura ɗaya kyauta ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma ya kamata kowane uba ya kai 'yarsa. Sai dai allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, kuma a cikin masu haɗarin, 16 da 18 kawai take tarewa. Irin su 35 da 45, da ake yawan samu a Afirka, suna nan. Uwar da ke kan benci gwaji take buƙata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a gwada mace kafin ta wuce shekara 35, a sake kafin ta wuce 45. Inda babu na'urar gano ƙwayar, ana shafa ruwan khal a bakin mahaifa, wurin da ya soma lalacewa ya yi fari, a ƙona shi da ƙaramar na'ura cikin 'yan mintuna, mace ta koma gida a ranar.

Akwai masu cewa kunya ba za ta bar mata su yarda ba, har ana kallon cutar a matsayin ta masu yawon banza. Wannan zato zalunci ne, domin matar da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa. Kuma wadda ta amince malama ta karɓi haihuwarta za ta amince ta duba ta, muddin an yi mata bayani a ɗaki mai labule; yanzu ma akwai gwajin da mace ke ɗibar samfurin da kanta. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na ƙarancin ma'aikata, domin malama ɗaya ba za ta iya awo da allura da gwaji lokaci guda ba. Amma mafi ƙarancin abin da ake nema gwaji biyu ne a tsawon rai, kuma matan sun riga sun zo da ƙafarsu. Abin da ya rage wa hukumomin lafiya na jiha da ƙaramar hukuma shi ne horar da malamai, samar da kayan aiki, da ware rana ɗaya a mako domin iyaye mata da suka kai shekara 30.