Ko Ka Sani? Kujerar Fatar Motarka Ba Ta Shan Mai Yadda Kake Zato

Ko ka san yawancin man da ake shafa wa kujerun fata na mota ba ya isa ga fatar? A sama yake tsayawa. Fatar da ke cikin mafi yawan motocin zamani rufaffiya ce: bayan an jeme ta, sai masana'anta ta fesa mata launi, ta bi da wani siririn rufi na roba da ake kira foliyuretan. Wannan rufin shi hannunka ke taɓawa, shi rana ke duka, kuma shi ke fara tsagewa. Kafin ka sayi kowace kwalba, sai ka san ko fata za ka ciyar ko rufinta za ka kare.

Ba a banza muke zaton kowace fata mai take so ba. Ƙasar Hausa ƙasar jima ce. Majeman Kano da Sakkwato sun daɗe suna jeme fata da bagaruwa, kuma fatar jar akuyar Sakkwato ce ta ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta iso musu. Irin wannan fata a buɗe take. Idan baduku ya shafa wa sirdi ko gafaka mai, nan take za ta shanye, ta yi duhu, ta yi laushi. Dalili shi ne fata tarin zaruruwa ce masu sarƙe da juna, maiƙo ne ke sa su zame a kan juna idan an lanƙwasa ta. In maiƙon ya ƙare, sai su riƙa gogar juna har su karye. Masana'antun zamani ma sun san haka, shi ya sa bayan jima, ko da gishirin kuromiyam aka yi ta ko da wani sinadarin, suke cusa wa fatar maiƙo a cikin manyan ganguna masu juyawa. Daga nan ne suke rufe ta. Ilimin baduku gaskiya ne, amma ba a kan wannan fatar aka gina shi ba.

Me ke busar da kujerar ke nan? Zafi ne a gaba. A wani binciken da aka wallafa a shekarar 2018, masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona ta Amurka sun ajiye motoci a rana mai zafin kusan digiri 38. Bayan awa guda, kujerun motocin da ke rana sun kai kusan digiri 51, na waɗanda ke inuwa kuwa kusan 41. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Kano ko Maiduguri ko Yamai, inda iskar waje kanta ke haura digiri 40. Tun kafin zafin bazara ya zo kuwa, hunturu ya riga ya yi nasa aikin, domin laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Fata na buƙatar 'yar laima a jikinta. In ta rasa, sai ta takure ta yi tauri, rufin da ke kanta ya kasa bin ta. Sannan ga ƙura. Ƙurar hunturu na kwanciya a cikin ƙananan layukan fatar, duk shiga da fitar direba sai ta goge rufin kaɗan-kaɗan. Ka duba kowace tsohuwar mota, gefen kujerar direba na wajen ƙofa ne ke fara lalacewa.

Gwajin gane irin fatar kujerarka ba ya cin ko kwabo. Ɗiga ɗigon ruwa a wani lungu da ido ba ya kaiwa. Idan ya tsaya dunƙule a sama, fatar rufaffiya ce, kuma haka za ka tarar a Camry da Accord da yawancin motocin da ke titunanmu. Idan ya nutse ya bar tabo mai duhu, a buɗe take, ko kuma rufin ya cinye a wurin. Buɗaɗɗiyar fata ba ta da yawa a motoci; tsofaffin Ford samfurin King Ranch na daga cikin waɗanda aka sani da ita. Akwai kuma kujerun da ba fata ba ne sam, duk da kamarsu: MB-Tex na Mercedes, SofTex na Toyota, NuLuxe na Lexus, SensaTec na BMW, duk roba ce. Ko a motar da ke da fata ta gaske, sau da yawa wurin zama da jingina ne kawai fata, gefe da baya roba.

Ga rufaffiyar fata, nemi mai ruwa-ruwa, mara kauri, wanda aka haɗa da ruwa, aka kuma rubuta cewa na fatar mota ne kuma yana kare ta daga hasken rana. Irinsa yakan ratsa ta wurin ɗinki da ƙananan tsagu ya kai laima ciki, saura kuma ya bushe ba tare da danƙo ba. Ga buɗaɗɗiya, a nan ne masu maiƙo irin su lanolin, wanda ake samu daga gashin tumaki, ke da amfani, sai dai za su ƙara mata duhu. Kujerar roba kuwa tsumma mai laima ya ishe ta, sai ɗan maganin kariyar rana. In kujerarka mai ƙananan ramuka ce, irin mai hura iska, ka nisanci duk wani mai kauri ko mai kakin zuma, domin zai toshe ramukan ya daskare fari a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne abubuwan da ake shafawa da kyakkyawar niyya. Basilin, man kaɗe, man zaitun, man gyaɗa: a kan rufaffiyar fata babu inda za su je. Za su zauna su kama ƙura, su ɓata wa mai hawa babbar riga, na girkin kuma su yi wari in zafi ya dafa su. Haka feshin silikon da wasu masu wankin mota ke bi da shi ko'ina don mota ta yi ƙyalli. Sabuwar kujerar fata ba ta ƙyalli. In ka ga tana sheƙi, datti ne da maiƙon jiki suka taru, ko kuma wani abu aka shafa. Silikon na sa kujera santsi, a kan sitiyari kuwa hatsari ne, kuma yana hana sabon launi kamawa ranar da za a yi gyara. Garin sabulun wanki ma ɓarna ne: jemammiyar fata tana da ɗan tsami, wajen 4 zuwa 5 a ma'aunin pH, shi kuwa yakan kai 10. Turare da man tsaftace hannu masu sinadarin alkohol suna narkar da rufin, don haka a fesa turare kafin a shiga mota.

Tsafta ce rabin aikin. A zuƙe ƙura daga lungunan ɗinki, a goge da maganin wanke fata da buroshi mai laushi, a bari ta bushe. Sannan a zuba man a kan tsumma, ba a kan kujera kai-tsaye ba, a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri, a shafa siriri, bayan 'yan mintoci a goge ragowar da busasshen tsumma. A yi wannan a inuwa, kujera na da sanyi. Sau biyu zuwa uku a shekara ya wadatar, kuma lokaci mafi dacewa shi ne gab da shigowar hunturu a Nuwamba da kuma kafin zafin Maris. Tsakanin nan, goga da tsumma mai ɗan laima kowane mako, da labulen gilashin gaba, da ajiye mota a inuwa, sun fi kwalba mafi tsada amfani.

Tsagar da ta riga ta buɗe kuwa babu man da zai haɗe ta. Ƙananan tsagu ana cike su a sake fesa launi da rufi. Manya sai an sauya ɓangaren wajen masu ɗinkin kujerun mota. In za a yi hakan, ka duba gefen kujerar ko akwai alamar jakar iska. Ɗinkin wannan gefen an yi shi ne don ya ɓalle lokacin hatsari, kuma zare mai ƙarfi ko rigar kujerar da ba a yi ta don haka ba na iya hana jakar fitowa.