Hutun Ɗalibai, Bukukuwan Kaka da Barazanar Gobara a Karkarar Kano

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta, ko ta Bichi zuwa Tsanyawa, daga watan Nuwamba, zai ga dammunan gero da dawa a bakin rumbuna, ga kara an tattara an jingine, ga harawa an ɗora bisa itatuwa da kan soraye. Lokacin aure ke nan da kalankuwa da dambe, domin manomi ya sami abin hannu. A tsakiyar wannan hidima ne, cikin Disamba, 'ya'yanmu ɗalibai ke samun hutun zangon farko, mu kuwa ma'aikatan birni mu tura su ƙauye su gaida kakanni.

Abin da ke damuna shi ne, yaron da ya tashi a birni kallon shara yake yi wa kara da harawa. Tun a shekarun 1960 Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, ya nazarci wannan karkara, ya nuna cewa saboda yawan jama'a, gona ba ta hutawa, kowace shekara sai an nome ta, kuma taki ne ke riƙe da ita. To, ina takin yake fitowa? Daga tumaki da awakin da ke ɗaure a turke, waɗanda harawar wake da ta gyaɗa ke ciyarwa har faɗuwar damina. Karan kuma shi ne danga, shi ne makamashin girki. Saboda haka idan tartsatsi ɗaya ya cinye harawar magidanci, sai ya sayar da dabbobinsa da arha, gonarsa ta kwana ba taki, amfanin baɗi ya ragu. Gobarar dare ɗaya sai ta ci shekara biyu.

Hanyoyin tashinta kuwa sanannu ne. Akwai nokawut da samari ke jefawa a wajen kai amarya, duk da hanin da 'yan sanda kan yi, abin da ke firgita tsofaffi da masu jego tun kafin a zo batun wuta. Akwai wutar jin ɗumi da ake watsewa daga hira a bar ta da garwashi, da wadda yara ke cinnawa a gona don farautar gafiya. Iskar hunturu busasshiya ce, ga gidaje a manne da juna, danga na taɓa danga. Kafin motar 'yan kwana-kwana ta ratso hanyar burji, sai dai a nuna mata toka.

Su ma ɗaliban ba su tsira ba. A ƙarshen Nuwamban 2015 gobara ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar sakandaren 'yan mata ta Jogana, a ƙaramar hukumar Gezawa, ɗalibai 7 suka rasu. Ya kamata duk uban da ya kai 'yarsa makarantar kwana ya leƙa ya ƙidaya ƙofofin ɗakin da take kwana, ya kuma tambayi wanda ke riƙe da mabuɗi da dare.

Amma inda nake ganin laifinmu ya fi girma shi ne bayan aukuwar abin. Idan ɗan ma'aikacin birni ne ya yi sanadi, maƙwabci kan haɗiye takaicinsa don kunyar zumunci, ya ce ƙaddara ce, mu kuma mu karɓi wannan kawaici kamar hakkinmu, mu yi jaje mu shiga mota. Imani da ƙaddara bai ɗauke wa kowa biyan abin da ɗansa ya ɓarnatar ba. Kamata ya yi uba ya je gaban mai unguwa tare da yaron, a ƙidaya dami nawa ya ƙone, a yi masa kuɗi da farashin da harawa ke kaiwa a bazara, ya biya yaron yana kallo.