Ɗakin ɗalibi: tarkace, ɓera da iskar da ake shaƙa

Duk wanda ya tsaya a tashar motar Jega a farkon zangon karatu zai ga ɗalibai da kayansu: katifa a naɗe a saman mota, bokiti, risho, da jakar bakko cike da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da shinkafa. Wasu Aliero suka nufa, inda jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi take tun 2006, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Wasu a kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega za su sauka. Da yawansu daga Maiyama da ƙauyukanta suka taso. Duk kayan nan ɗaki ɗaya za su shiga, kuma galibi ɗakin na mutum uku ne ko huɗu, ko a cikin makaranta ko a gidan haya a gari. Kafin zango ya raba, wurin shimfiɗa sallaya ma sai an ture wani abu.

Mutane na ɗaukar wannan a matsayin ƙyuya irin ta samari, su wuce. Ni kuwa a ganina maganar lafiya ce, kuma a yankin nan namu ba ƙaramar magana ba ce.

A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, kuma Gwandu da Jega da Aliero ne inda abin ya fi ƙamari. Arewacin Najeriya na cikin zirin ƙasashen da cutar ke addaba, daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta shi ne rani, daga hunturu zuwa zafin bazara. Busasshiyar iska da ƙura suna raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, ƙwayar cutar kuma tana bin tari da atishawa daga mutum zuwa mutum. Tarkace ba shi ke haifar da sanƙarau ba, rigakafi shi ne babban garkuwa, kuma a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV. Amma cunkoso da rashin iska suna sauƙaƙa wa cutar yaɗuwa. To, ka duba tagar ɗakin ɗalibai da yawa: an ja igiya a gabanta an rataye riguna da tawul, an jera akwatuna a kan dakalinta, wani ma ya toshe ta da kwali saboda sanyin hunturu, bazara ta zo bai cire ba. Mutum huɗu na kwana cikin numfashin juna har asuba.

Sai ɓera. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu, wani nau'in ɓera ne ke ɗauke da shi, yana barin ƙwayar cutar a fitsarinsa da kashinsa. Idan ya bi ta kan garin kwakin da ke cikin leda a ƙarƙashin gado, da safe ɗalibi ya jiƙa ya sha da sukari ba tare da wuta ta taɓa shi ba, hanya ta buɗe. Ɓera ba ya son fili. Tsofaffin kwalaye, tulin takardu da takalman da aka daina sawa su ne gidansa, tukunyar da aka kwana ba a wanke ba kuma ita ce ke kiran sa. Sauro na maƙalewa a rigunan da aka rataye a lungu mai duhu, kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkin katifa, kunama kuma takalmi take so.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne maganin da ake nema wa waɗannan ƙwari. Ɗalibi ya sayo fiya-fiya ya zuba ko'ina, ya rufe ƙofa, kusa da abincinsa a buɗe, sannan ya dawo ya kwanta. Guba ce. Hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani, Sniper, a kasuwa tun 2019, domin na gona ne, ba na ɗaki ba. Rana kuwa ba guba ba ce, kuma kyauta ce: a fitar da katifa da matashi a shanya su tsakar rana, a wanke zanin gado da ruwan zafi.

Aikin kansa ba ya yiwuwa kayan na cikin ɗaki. A zaɓi safiyar Asabar, a fito da komai waje, har jakar da ba a buɗe ba tun ranar isowa. A yayyafa ruwa kafin shara don kada ƙura ta tashi. Sannan kowane abu ya nemi dalilin komawarsa. Rigar da ba ka sa ba duk zango, akwai ƙani a gida ko almajiri a bakin ƙofa. Matacciyar caja, fasasshen bokiti da gwangwanaye, 'yan gwangwan za su saya. Abinci ya shiga roba mai murfi, a ɗora shi sama. Soket ɗin da aka cusa wa waya biyar da dutsen guga, a janye shi daga jikin katifa da takardu.

Takardu su ne masu wuyar rabuwa, domin kowa cewa yake yi, "Bar su, zan buƙace su." Na darasin da ka riga ka ci, ka miƙa wa na ƙasa da kai, ka rage masa kuɗin hotokofi. Wanda kake ganin zai yi amfani gaba, ka ɗauki hotonsa a waya. Amma a tsaya a duba shafi-shafi: takardar da ke ɗauke da aya ko sunan Allah ba ta zuwa bola, kuma ba ta zuwa wurin mai ƙosai. A ƙona ta a wuri mai tsafta ko a binne. Takardar shaidar biyan kuɗin makaranta da ta rajista kuwa, su sami fayil guda, domin ranar kammala karatu za a tambaye su.

Tunda ɗakin ba na mutum ɗaya ba ne, kada ka zubar da kayan wani ba da saninsa ba. "Aboki, wannan naka ne? Kana so ko a fitar?" ya isa ya hana faɗan da zai kai ƙarshen zango. A raba kwanakin shara, a tsayar da cewa ba a kwana da kwanon da ba a wanke ba.

Iyaye, idan kuna haɗa wa yaro guzuri, ku haɗa da roba mai murfi da gidan sauro. Ɗalibai, ku buɗe tagogin nan tun kafin zafi ya shigo, ku karɓi rigakafi idan an kawo. Wanda kuma zazzaɓi ya kama da ciwon kai mai tsanani da sandarewar wuya, kada abokan ɗaki su tsaya sayen magani a kemis. A kai shi asibiti a wannan sa'ar.