Ƙyandar da ke Komowa Bayan Shekaru

Daga Wakilinmu a Bauchi

A nan Bauchi, in ƙyanda ta saki yaro sai uwa ta ce an rabu lafiya. Amma jefi-jefi ƙwayar takan laɓe cikin ƙwaƙwalwa har shekara 7 zuwa 10, sa'an nan ta taso. Likitoci na kiranta SSPE.

Da mantuwa take somawa. Yaro ya kasa biya allonsa, ya sha bulala ba laifinsa. Daga nan sai zabura da faɗuwa, magana ta ɗauke, a ce iskoki ne. Uwa ke juya shi, ita ke ɗura masa kunu.

Ba ta da magani. Ko a Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai dai a sassauta zaburar. Allurar ƙyanda kuwa, ta wata 9 da ta wata 15, kyauta ake yin ta.